Amarya da Tukunyar Romo

A birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, kusa da tsohon masallacin Huaisheng, an kai wata amarya gidan surukarta, wadda take kira Nainai, tsohuwar da ta yi suna wajen haɗa romo. Mutanen yankin ba sa wasa da romo. Akwai na gaggawa, wanda ake watsa alayyafo ko ganyen goji da ƙwai a tafasasshen ruwa a sauke nan take. Akwai kuma wanda ake bari a kan wuta kaɗan-kaɗan har awa uku. Maƙwabta da ƙashin alade suke yi, amma gidan nan na Musulmi ne, sai kaza ko ƙashin saniya.

Da kaka ta shigo iska ta bushe, ango ya kwana yana tari, maƙogwaro kamar an zuba masa yashi. Tsohuwa ta sa ya fito da harshensa, ta duba, ta ce zafi ya yi masa yawa. Ta aiki amarya kasuwa ta sayo saiyeungcoi, wani ganye mai ɗan yaji da ke tsirowa a cikin ruwa, da magaryar Sin mai zaƙi, da kaza.

"Sai ruwa ya tafasa za ki zuba ganyen," in ji ta. "In kika sa shi a ruwan sanyi, ɗaci zai yi."

Ba a jima ba tari ya lafa. Amarya ta ga ai ta samu laƙani. Kullum ita ce a kasuwa, kullum saiyeungcoi ne a tukunya, kowa ta cika masa kwano. Surukinta dattijo ne mai kara, bai iya mayar da abin da aka miƙo masa, sai ya shanye ya yi godiya. Kafin mako ya zagayo cikinsa ya ɓaci, gudawa ta kama shi, ko shinkafa ba ya marmari.

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta kira amarya ta ce ta taɓa tafin hannun mijinta, sannan ta taɓa na dattijo. Na farko ɗumi, na biyu sanyi ƙalau.

"Nainai, ai romon da kika koya mini ne, ban rage komai ba."

"Na sani, 'yata. Ganyen nan mai sanyaya jiki ne. Mijinki wuta ke cinsa, kin kashe masa ita. Babanku kuwa 'yar wutar da ta rage masa ita ke dafa masa abinci a ciki, ita kika yi ta yayyafa wa ruwa. Kin taɓa tambayarsa yadda ya kwana?"

Amarya ta sunkuyar da kai. Ranar sai aka ɗora wa dattijo tukunyarsa daban, da citta da busasshen ɓawon lemon Xinhui, ba ganyen ruwa ko ɗaya.

Likitan asibitin zamani ba ya raba abinci zuwa mai zafi da mai sanyi, kuma yana da hujjojinsa. Ni dai abin da nake girmamawa a wannan al'ada shi ne yadda take tilasta wa mai girki ta dubi fuskar mai ci kafin ta dubi tukunya. Tun wajajen shekarar 652 babban likitan daular Tang, Sun Simiao, ya ware wa jinya da abinci babi guda a littafinsa, inda ya koyar da cewa a fara gano tushen ciwo, a gwada abinci, in abinci ya kasa a koma ga magani.

Shekaru suka wuce, amarya ta zama uwa, har maƙwabta na zuwa tambayarta romon da ya dace da damina da na sanyi. Wani dare ɗanta ya tashi jiki rau, yana numfashi sama-sama, ya ƙi nono. Ta ruga ɗakin tsohuwa.

"Nainai, wane ganye zan dafa?"

Tsohuwa ta ɗora hannu a goshin yaron, ta kasa kunne a ƙirjinsa, ta jawo mayafinta.

"Ba na tukunya ba ne wannan. Ɗauko shi, tashi mijinki ya nemo mota, asibiti za mu."