Fasali a kan wanne ke gaba, so ko gyara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya kai muridi da aka danƙa wa yara, ka sani harshe bawan zuciya ne. In zuciya ta tsorata, harshe ya sarƙe. Kolo yana zuwa maka da harshen da ya sha a nono, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Kafin ka rubuta masa alu, ambaki, wau, zal a allo, karɓe shi da harshen nan nasa. Kada ka yi masa dariya in harafin Larabci ya ƙi fita daga mafitarsa, gama sāɓawar harsuna tana cikin ayoyin Allah.

Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan hijira, ya sanya tausayin almajiri farkon abin da ya wajaba kan malami, cikin Ihya'u. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi hidima shekara goma, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

In wani ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai mu ce gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da fushi karya shi yake yi. Yaron da aka koyar da dorina yakan koyi ƙarya kafin ya gama babbaƙu. Gyara wajibi ne, amma so shi ne alwalarsa, ba a sallatar gyara sai da shi. Kai ma shaihinka ya karɓe ka da aibinka kafin ya ba ka wuridi.

Allah shi tausasa zukatanmu. Amin. Tammat.