Ikon Uba da Shirun Ɗiya

A Birnin Lalle, tsohuwar fadar sarakunan Gobir da ke gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, tarbiyya ta ginu ne a kan biyayya da kunya, amma hakan bai taɓa nufin cewa ra'ayin yaro ba shi da mazauni ba. Tsarin noma kansa shaida ne, domin matashi yakan yi aiki a gandu, wato gonar gida wadda amfaninta ke hannun maigida, sannan a yanka masa gamana, wadda wasu ke kira gayauna, inda shi ne mai zaɓen gero ko wake, kuma shi ne mai riba ko asara. Manoma sun daɗe da gane cewa zaɓin yaro yana faɗaɗa ne gwargwadon yadda sakamakon al'amari zai faɗa kansa.

Shari'a ma ta bi matakai, inda ta bambanta ƙaramin yaro da mai tamyizi, wato wanda ya fara rarrabe amfani da cuta, galibi daga shekara 7, lokacin da ake umartarsa da salla, sannan baligi wanda hukunci ya hau kansa. Babu mai jiran yardar yaro kafin a ba shi maganin zazzaɓi ko a kai shi makarantar allo. Amma Suratus Saffat ta nuna Annabi Ibrahim, alaihis salam, yana neman ra'ayin ɗansa a kan umarnin da ya zo daga Allah, saboda ɗan ne za a yanka.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne aure. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai 89, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da iyaye ke riƙewa ita ce ijbari, wato ikon da mazhabar Malikiyya ta ba uba na aurar da ɗiyarsa budurwa ba tare da izininta ba, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Hukuncin yana nan, sai dai ba a cika karanta shi har ƙarshe ba. Malaman mazhabar sun so uba ya shawarci baligar ɗiyarsa, sun hana shi tilasta mata miji mai aibin da zai cutar da ita, kuma sun ce ikon ya faɗi idan shi da kansa ya shaida cewa ta mallaki hankalin tafiyar da al'amuranta. Imam Abu Hanifa bai yarda da tilasta wa baliga ba sam, kuma Buhari ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Ashe ikon amana ne da aka ɗaura da maslahar yarinya, ba hanyar biyan bashi ko ƙarfafa abota ba.

Hadisi ya ɗauki shirun budurwa a matsayin izini saboda kunya na hana ta furta so. Matsalar ita ce a gidan da aka koya wa yarinya cewa musu da uba rashin albarka ne, kunyar nan tana hana ta furta ƙi ma, sai shirun yarda da shirun tsoro su zama ba a rarrabe su. Muhtasar na Halil ya lura da haka game da budurwar da ake neman izininta, inda ya so a sanar da ita tun farko cewa shirunta yarda ne, ya kuma hana aurar da ita idan ta nuna ƙyama. Al'ada ma tana da tata hanyar, domin abin da yarinya ba za ta faɗa wa mahaifinta ba takan faɗa wa goggo ko kaka. Wajibin uba shi ne ya aika su su jiyo masa tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa a raba goro, domin da zarar an sa rana, maganar ta zama ta mutuncin dangi biyu, kuma ba kasafai ake samun wanda zai tsaya ya saurari yarinyar a lokacin ba.