Gaskiyar Kwaikwayo

A Ingila da Jamus akwai mutane, galibinsu dattawa, waɗanda ke kashe kuɗi da shekaru wajen tara ƙananan samfuran kawunan jiragen ƙasa masu tururi, irin waɗanda aka daina aiki da su tuni. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami tururi daga manyan layukanta a watan Agustan 1968, amma har yau kamfanoni irin su Hornby da Märklin suna ƙera 'yan ƙananansu, wasu tsawonsu bai wuce tafin hannu biyu ba, ana aza su bisa ɗan siririn dogo suna zagaya teburi. Tambayar da muke so mu ɗan tsaya a kanta ita ce: shin abin da aka yi don ya kwaikwayi wani abu, wace irin gaskiya ake binsa bashi?

Bari mu fara da awo, domin a nan masu wannan sha'awa suka fi yin gardama. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Ingila, wanda ake kira OO, yana rage jirgi sau 76. In da za a bi lissafi, faɗin dogonsa ya kamata ya kai milimita 18.83, amma abin da ake sayarwa 16.5 ne, wato dogon ma'aunin HO mai rage abu sau 87. Dalili kuwa shi ne jiragen Ingila ba su da girman jiki, injinan lantarkin shekarun 1930 kuma ba su shiga cikinsu, sai aka ƙara girman gangar jiki aka bar dogo yadda yake. To, wasu sun ƙi yarda da wannan sassauci, suka koma suna shimfiɗa nasu dogon da hannu, daidai da lissafi. Muna girmama irin wannan naci, amma ba mu ganin milimita biyu da ɗoriya a matsayin ƙarya, tunda ba a ɓoye wa kowa ba. Abin da aka faɗa a fili ai ba yaudara ba ne.

Inda magana take shi ne abin da samfurin ya yi shiru a kansa. Ɗauki Mallard, shuɗin kan jirgin nan da Nigel Gresley ya tsara, wanda ranar 3 ga Yulin 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, gudun da babu wani mai tururi da ya wuce shi har yau. Samfurinsa yana da komai: lambar 4468, launinsa, santsin goshinsa. Abin da ba shi da shi shi ne zafin da Thomas Bray ya sha yana ɗura kwal da shebur cikin wuta a wannan rana, da kuma cewa wani ƙarfe a cikin injin ya yi zafi har dole aka cire jirgin daga tafiyar a Peterborough. A bisa teburi babu toka, babu ciwon baya. Yaron da ya tashi yana kallon wannan zai iya ɗauka cewa zamanin tururi zamanin ƙyalli ne kawai.

A Jamus lamarin ya fi nauyi. Daga 1942 an ƙera kawunan jirgi na rukuni na 52 sama da 6,000 domin yaƙin Hitler, kuma a masana'antun da suka yi su akwai mutanen da aka tilasta wa aiki. Hukumar Reichsbahn da ta mallake su ita ce ta yi jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa. Yau ana sayar da samfurin wannan jirgi, an fitar da kowace ƙusa, amma tambarin 'yan Nazi da ke ƙarƙashin hoton gaggafa an cire shi, domin dokar ƙasar ta hana yaɗa shi. Dokar tana da hujja mai ƙarfi, ba ma musu. Sai dai sakamakon shi ne jirgin da aka auna shi da kyau ta kowane gefe, aka kuma wanke shi daga tarihinsa. Wanne ya fi kusa da gaskiya, mai tambarin ko marar shi? Mu dai mun fi karkata ga cewa cire tambarin daidai ne, amma takardar da ke cikin kwalin ya kamata ta faɗi wanda ya ƙera jirgin da abin da aka yi da ire-irensa.

Wani zai ce mun matsa wa mai sha'awa, shi ba malamin tarihi ba ne, hutawa yake nema bayan aiki. Akwai gaskiya a nan, har ma da ƙari. Irin wannan ƙauna ce ta sa jama'a suka tara kuɗi suka fanshi kawunan jirgi 213 daga filin 'yan gwangwan na Barry a Wales, waɗanda da tuni an narkar da su. Da yawa daga cikinsu an gyara su suna tafiya a layukan tarihi, inda duk mai son ganin kan jirgi ya motsa sai an sami wanda zai tashi da asuba ya hura wuta, ya kuma kwashe toka da yamma.