Hadari Ya Haɗu: Ina Iyakar Ƙaddara, Ina Farkon Sakaci?



A ƙasarmu babu wanda ba ya duban sama. Idan bazara ta tsananta a watan Afrilu da Mayu, mukan ga dattijo ya fito ƙofar gida da maraice ya ɗaga kai wajen gabas. Iyayenmu sun san cewa in shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a itatuwan gari, damina ta kusa. In gawo ya soma zubar da ganye alhali sauran itatuwa suna toho, lokacin shuka ya ƙarato. Sun san hadarin da ke ɗauke da ruwa, sun kuma san wanda iska ce kawai da ƙura.

Masana yanayi ba su ƙaryata iyayenmu ba, sai dai sun bayyana dalili. Iska iri biyu ke mulkin shekararmu: busasshiya daga hamadar Sahara, wadda ke kawo hunturu, da mai laima daga Tekun Atlantika, wadda ke kawo ruwa. Mahaɗarsu takan riƙa matsawa arewa har watan Agusta, sa'an nan ta juya kudu. Shi ya sa Jos da Kafanchan sukan sami ruwa tun Afrilu, Kano da Sakkwato kuwa sai ƙarshen Mayu ko Yuni, marka kuma ta zo a Agusta. Manyan hadura sukan taso daga gabas su nufi yamma, iska mai ƙarfi tana gabansu. Kowace shekara, tun kafin damina, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen lokacin da ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha.

To, ga tambayar da ya kamata ta dame mu. Idan Allah ya ba mu ido da hankalin gane alamun sama haka, shin daidai ne mu ce "ikon Allah ne" kawai duk sa'ad da ruwa ya yi ɓarna?

Bari mu tuna abin da ya faru. A shekarar 2012 ambaliya ta raba mutane fiye da miliyan 2 da gidajensu a Nijeriya. A 2022 ta kashe mutum fiye da 600. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, garin da ya taɓa ganin irin wannan masifa a 1994. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwa ya ci mutum fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja. Waɗannan rayuka ne irin namu, iyaye ne da 'ya'ya.

Gaskiya ne cewa ba mu ne muke saukar da ruwa ba, ba mu kuma da ikon tsayar da shi. Akwai guguwar da takan zo cikin dare ba sallama, ta yaye rufin mai tsoron Allah da na wanda bai damu da shi ba. Saboda haka kada wani ya nuna wanda ruwa ya cinye gidansa ya ce alhakinsa ne ya kama shi. Labarin Ayuba ya isa ya rufe bakin mai irin wannan magana. Talaka da yawa sun gina a bakin kogi ko cikin kwari domin can ne kaɗai kuɗinsu ya kai.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Ba sama ce ta cika lambatu da shara da leda ba. Ba hadari ne ya sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, ba shi ne ya sare itatuwan da ke tare iska da riƙe ƙasa ba. Wanda aka danƙa wa kuɗin gyaran gada ko madatsa ya karkatar da su, ba shi da bakin ambaton ƙaddara. Wanda ya jingina sakacinsa ga Allah ya yi laifi biyu: ya cuci maƙwabcinsa, ya kuma ɗora wa Mahalicci abin da hannunsa ya aikata.

Sani yana zuwa da nauyi. Yusufu bai tsaya ga fassara mafarkin Fir'auna ba. Ya tara hatsi a shekarun ƙoshi, ya ceci mutane a shekarun yunwa, har da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar rumbu. A wasiƙarsa ta 2015 mai suna Laudato Si', marigayi Paparoma Francis ya tunatar da mu cewa duniya gida ɗaya ce ta dukanmu, kuma idan ta lalace matalauta ne suke fara shan wahala. Dogara ga Allah ba ta hana mutum ɗaure akuyarsa. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Me za mu yi ke nan? Kafin ruwan farko, matasan kowace majami'a su haɗa kai da maƙwabtansu Musulmi su yashe magudanun unguwa, gama ruwa ba ya tambayar addini. Katekis da shugabannin zumunta su saurari hasashen yanayi a rediyo, su isar da shi ga manoma, domin kada a zuba iri da ruwan farko ya ƙone a ƙasa. Mu duba katanga da rufin gwauraye da tsofaffi kafin marka. Mu koya wa yara kada su fake ƙarƙashin itace sa'ad da ake tsawa, kada kuma su shiga ruwa mai gudu. Idan hukuma ta ce a tashi daga bakin kogi, mu da muke kan tudu mu buɗe ƙofofinmu, domin mutum ba ya barin gidansa in bai san inda zai kwana ba.

Sa'an nan mu yi addu'a, kamar yadda Ikkilisiya ta saba, mu roƙi damina mai albarka. Mu roƙa da zuciya ɗaya, fartanya da shebur suna hannunmu. Ubangiji ya ba mu ruwa mai amfani, ya tsare mu daga ɓarnarsa, ya kai mu kaka lafiya. Amin.