Takin Doki da Shukar da Ya Ciyar: Tsarkin Abu da Halascin Aiki

Mas'alar takin doki tana cikin ƙananan mas'alolin fiƙihu masu buɗe babbar ƙofa, domin ta haɗa tambayoyi biyu da mutane suka saba cakuɗawa, wato tambayar ko abu mai tsarki ne a karan kansa, da tambayar ko aikin da aka yi da shi halas ne. Bambancin yana fitowa fili idan aka dubi manomin da ya kwashi taki daga barga, ya bar shi a juji har tana da gwazarma suka cinye shi, sannan ya zuba shi a gindin tabar wiwi maimakon gero ko albasa.

Hukuncin kashin doki a wurin malamai yana bin hukuncin namansa ne a mafi yawan lokuta. Malikiyya suna ganin kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, amma da yake mashahurin zance a mazhabar shi ne haramcin naman doki, bisa fahimtar Imamu Malik cewa aya ta 8 a Suratun Nahli ta ambaci dawaki don hawa da ado ba ta ambaci ci ba, sai kashinsa ya zama najasa. Hambaliyya sun halatta naman, suna kafa hujja da hadisin Asma'u 'yar Abubakar da ke nuna an yanka doki an ci a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka suka tsarkake kashin, alhali Shafi'iyya, duk da sun halatta naman, suna ɗaukar kashin kowace dabba a matsayin najasa. Hatta cinikinsa an yi saɓani a kai tsakanin malaman Malikiyya, inda Ibnul Ƙasim ya sauƙaƙa, Ashhabu kuma ya ga mai saye ya fi mai sayarwa uzuri, kana malaman baya suka yi rangwame saboda lalurar noma, wadda duk wanda ya ga jakuna ɗauke da mangalar taki suna fita daga birnin Kano zuwa gonaki kafin faɗuwar damina ya san girmanta.

Abin da ya warware wa manomi wannan ƙulli shi ne ƙa'idar istihala, wato rikiɗar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata haƙiƙa ta daban, ta yadda suna da siffa da hukunci duk za su sauya. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya lissafa shukar da aka raya da najasa cikin abubuwa masu tsarki, gefe ɗaya da giyar da ta koma khal. Wanda ya tona tsohon juji zai ga wannan ƙa'ida da idonsa, domin curin da ya fito daga barga da ɗumi da wari yakan koma baƙar ƙasa mai laushi, mai ƙamshin damina, tana suna nutso a cikinta, kuma su kansu Malikiyya ba su ƙazantar da su ba, tunda kowane mai rai tsarkakakke ne a wurinsu. Charles Darwin ya keɓe littafinsa na ƙarshe, a shekarar 1881, ga aikin tana wajen gina ƙasar noma, sai dai malaman fiƙihu sun riga sun gina hukunci a kan sakamakon wannan rikiɗa tun ƙarnoni kafinsa.

A nan ne wasu suke zamewa, suna zaton tunda ƙasa ta tsarkake takin, kuma ganyen wiwin da ya tsiro halittar Allah ne, to nomansa ba shi da laifi. Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe a cikin littafinsa Al-Furuƙ tsakanin mai sa maye, da mai ɓata hankali, da mai kwantarwa, ya sanya wiwi a rukuni na biyu, ya ce ganyensa ba najasa ba ne kuma horon mai shansa ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa alƙali ya ƙaddara. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya haɗa shi da giya a hukunci. Duk da wannan saɓani, babu ɗayansu da ya halatta gusar da hankali da shi, wanda hakan ke nuna cewa tsarkin ganye a hannu ba ya zama izinin amfani da shi ta kowace fuska, kamar yadda guba take da tsarki amma shan ta haramun ne.

Saura tambayar manomin kansa, kuma ƙa'idar da ke hukunta shi ita ce saddu zari'a, wato toshe kafar da ke kaiwa ga ɓarna. Al-Ƙarafi ya bayyana cewa ba a hana noman inabi don tsoron giya, saboda yawancin amfaninsa halas ne, amma Malikiyya sun hana sayar da shi ga wanda aka san giya zai matsa. Ma'aunin ke nan, wato abin da ya rinjaya a amfani da abin da manomi ya sani game da makomar amfanin gonarsa. Saboda haka ne dokar da Maroko ta yi a 2021, wadda ta ba da damar noman wiwi don magani da masana'antu a ƙarƙashin lasisi, take da fuskar da za a tattauna ta, alhali gonar da aka ɓoye a daji don a sayar wa matasa, irin wadda hukumar NDLEA take farauta a Najeriya tun kafuwarta a 1989, ba ta da wannan fuska.

Istihala tana aiki a kan jikin abu ne kawai, ba ta taɓa nufin mai aiki. Taki yana ciyar da duk saiwar da aka kai masa ba tare da zaɓi ba, tana kuma tana aikinta ba tare da hisabi ba, don haka nauyin zaɓen iri, da sanin hannun da amfanin zai faɗa, yana wuyan mutum shi kaɗai, domin shi ne aka ba hankali, kuma kiyaye hankali yana cikin manufofi biyar da shari'a ta zo don tsarewa.