Ƙafar Ɗan Tsako da Daɓen da Yake Takawa

Duk wanda ya taɓa sayen 'yan tsakin gidan gona ya san wannan. Motar Ibadan ta iso da asuba, ka buɗe kwali, suka fito suna tsuwwa, kowa na rububin ruwa, sai ka hangi guda a lungu ya baje, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, yana jan ciki da fikafikai. Abin da ke fara fitowa daga bakin mai kiwo shi ne, "An cuce ni, mugun iri aka haɗa mini." Sai wani na gefe ya ce, "Alhaji, a fasa masa kafso a ruwa kawai." Kafson nan mai ja da rawaya ya zama maganin komai a wajenmu, daga zawo har gurgunta, alhali ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya miƙe ƙashi, ba ya mayar da jijiya.

Kafin magani, a ɗauki ɗan tsakon a tafin hannu a kai shi inda akwai haske. A fara da yatsu. A tsakar gida musamman, zaren buhu ko gashin da aka yar bayan kitso kan naɗe ƙafa ya nutse cikin fata har ba a ganinsa, sai dai yatsa ya kumbura ya yi baƙi. Wannan bakin allura da ɗan haƙuri ne maganinsa. Idan babu zare, sai a bi ƙashin a hankali da ɗan yatsa, daga cinya zuwa gwiwa zuwa ƙasa, ana gwadawa da ɗaya ƙafar. Inda ya yi zafi, ko ya kumbura, ko ɗan tsakon ya ƙwalla ƙara, nan ne. Karaya ba ta ɓuya: ƙafar na lilo a inda babu gaɓa. Yawanci takawa ce, ta uwa ko ta yaro mai gudu. In a ƙasan gwiwa take kuma fata ba ta yage ba, tsinken ashana da aka cire wa kai da siririyar filasta sun isa ɗori, muddin ba a matse ba.

Amma wanda ya tale ƙafafu biyu, ka taɓa ko'ina bai yi kuka ba, ga shi yana cin abinci in ka kai masa baki, wannan ba rauni ya ji ba. Daɓe ne ya kayar da shi. Ɗan tsako na fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 da ƙashi mai taushi da naman cinya da bai gama ƙwari ba, kuma da takawa yake gina su. Sai mu, don son tsafta, mu shimfiɗa masa jarida ko leda ko kwali mai sulɓi. Ya sa ƙafa ta zame, ya sake ta zame, kafin kwana biyu cinyoyin sun saba da buɗewa. Gaskiya ne injin ƙyanƙyasa da zafinsa ke hawa yana sauka shi ma kan fitar da irinsu, don haka mai zargin kamfani ba kullum yake kuskure ba. Sai dai kafin ya kira dillali ya yi masa faɗa, ya sunkuya ya shafa abin da ya shimfiɗa.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A yanko filasta siririya, a naɗa a ƙafa ɗaya tsakanin gwiwa da yatsu, a bar tazara daidai yadda ƙafafun lafiyayyen ɗan'uwansa suke tsayawa, a naɗa a ɗayar. Ya zama an yi masa dabaibayi ke nan. Zai faɗi, zai yi fushi, zai tsattsage filastar da baki. A ɗora shi a kan tsohon tawul ko buhun algarara, ko dusar katako mai kauri, inda farce zai sami abin kamawa. A zuba tsakuwa a mazubin ruwa, domin mai dabaibayi in ya kifa ciki ba ya iya fita, ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba ya ishe shi ajali. A ware shi daga garke kada a tattake shi, amma a bar masa aboki guda mai sanyin hali, don ɗan tsako shi kaɗai kuka yake yi ya ƙi ci.

Akwai kuma waɗanda yatsunsu ke dunƙulewa ciki, suna tafiya a kan gwiwa. Wannan kan nuna ƙarancin bitamin B2 a abinci, nasu ko na uwar da ta saka ƙwan. Akwai wanda agararsa ke gocewa daga mazauninta a bayan gwiwa, gaɓar ta kumbura ƙafar ta juya waje, abin da ake dangantawa da ƙarancin sinadarin manganis. Mai haɗa abinci da kansa, masara da dusa kawai don tsadar buhu, shi ya fi gamuwa da waɗannan. Idan kuwa kajin sun yi makonni sannan aka ga ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗayar kuma baya, a nemi likitan dabbobi, don yana iya zama cutar Marek, wadda wani likita ɗan Hangari ya fara bayyanawa a 1907. Ba ta da magani, rigakafinta ranar ƙyanƙyasa ake yi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan sana'a shi ne ƙirga. Tsohon mai kiwo in ka kai masa kukan gurgun ɗan tsako, tambayarsa ta farko ita ce, "Guda nawa ne?" In ɗaya ne cikin ɗari, a duba ɗan tsakon. In goma ne, a ajiye shi a duba daɓe da buhun abinci da wanda ke zubawa. Nakan tuna da wannan tambaya idan na ji an ce aji guda yara sun kasa karatu, an kuma bi su ɗaya bayan ɗaya da bulala, ba wanda ya leƙa ya ga ko akwai allo, ko sun karya kumallo.

Ita dai filastar dabaibayin a riƙa kwance ta kullum ana dubawa, saboda ƙafar na girma da sauri, abin da ya yi daidai jiya yau yana iya tsayar da jini. In an fara a kwanakin farko, cikin kwana uku zuwa huɗu da yawansu sukan tsaya da kansu. Wanda aka bari ya wuce mako biyu a baje, ƙashin ya riga ya ƙame a haka, da wuya dabaibayi ya dawo da shi.