Tuba da Kuɗin Wani a Aljihu

Wani mai sauraro daga Tafo ya bugo min waya. Ya cinye sidi 500 na abokin cinikinsa, ya roƙi gafara a coci, shin magana ta ƙare?

Na tuna masa da Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, a Luka sura 19. Yesu ya sauka gidansa tun bai biya kowa ba. Alheri ke nan, ba a sayensa. Amma Zakka da kansa ya miƙe ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Na ce, ɗan'uwa, gafara kyauta ce, amma wanda ya same ta ba ya iya barci da haƙƙin wani. Gobe ka kai masa ko da sidi 50.